Maganin Tsagewar Hanyar Kwalta

Mun sani kwalta takan buɗa da zafin rana, ta tsuke da sanyin dare, balle da hunturu. In ta tsufa ta bushe, ba ta iya miƙewa, sai ta tsage a gicciye.

Dabarun tsare wannan uku ne. Na fari, mu zaɓi kwalta mai laushi inda sanyi ya yi tsanani. Na biyu, mu gauraya ta da garin tsofaffin tayoyi, don ta yi danƙo. Na uku, mu daɓe ta sarai tun tana da zafi, kada iska ta ratsa ta, ta busar da ita.

In kuwa tsaga ta bayyana, mu cike ta da narkakkiyar kwalta kafin damina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren hanya kuwa ruwa ne.