Dolfin Mai Roɗi-roɗi: Siffarsa, Rayuwarsa da Matsayinsa a Rabe-raben Halittun Ruwa na Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bayyana siffa da rayuwar dolfin mai roɗi-roɗi, sannan ta auna shi da halittun ruwa uku da Bahaushe ya sani, wato gaiwa da ayu da dorina. Manufarta ita ce nuna cewa sanya shi cikin jinsin kifi kuskure ne da ya kamata mai fassara da malamin kimiyya su kauce masa.

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Sabon Birni da Isa ta yi nisa da teku. Ruwan da aka sani a wannan yanki na Gobir shi ne Gulbin Rima da rassansa, irin su Bunsuru da Gagare. Abin da masunta ke kamawa bai wuce su tarwaɗa da karfasa da gaiwa ba. Saboda haka idan ɗalibin yankin ya ga hoton dolfin a littafi ko a waya, kalmar da za ta fara zo masa ita ce kifi. Siffa ta goyi bayansa, amma ilimin halittu bai goya ba.

2.0 Siffa

John Edward Gray ne ya fara bayyana wannan dabba a kimiyyance a shekarar 1846, kuma sunanta a wurin masana Stenella attenuata. Tana rayuwa a ruwan ɗumi na tekunan Atlantika da Fasifik da Indiya. Tsawon baligi kan kai mita 2 zuwa 2.5, nauyinsa kuma kan zarce kilo 100. Jikinsa siriri ne, bakinsa dogo mai tsini, gadon bayansa duhu, cikinsa haske.

Ana haihuwar ɗan dolfin babu ɗigo ko ɗaya a jikinsa. Yayin da yake girma sai baƙaƙen ɗigo su fara fitowa a ciki, daga baya farare su bayyana a baya, har tsoho ya koma roɗi-roɗi kamar zabo. Leɓunansa ma kan yi fari da shekaru. Don haka mai nazari kan iya kintatar girman dabbar daga fatarta.

3.0 Rayuwa

Dolfin da huhu yake numfashi, ta wata ƙofa da ke saman kansa, kuma tilas ya riƙa tasowa shan iska. Wutsiyarsa a kwance take, yana kaɗa ta sama da ƙasa, saɓanin ta kifi da ke kaɗawa dama da hagu. Mace kan ɗauki ciki kimanin wata 11, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi fiye da shekara. Suna tafiya garke-garke, wani lokaci ɗaruruwa, suna farautar ƙananan kifaye, galibi da dare, ta hanyar sakin sauti da sauraron amsa-kuwwarsa.

A gabashin Fasifik garken dolfin kan yi iyo a saman taron kifin tuna. Daga ƙarshen shekarun 1950 masunta suka riƙa kewaye garken da manyan komaye, miliyoyi suka halaka saboda rashin damar tasowa numfashi. Wannan na cikin dalilan da suka sa Amurka ta kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa a 1972. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya bayan shekara biyu ko uku ba ta mayar da asara kamar kifi mai zubar da dubban ƙwai.

4.0 Aunawa da Halittun da Bahaushe ya Sani

Numfashi da huhu kaɗai bai isa hujja ba, domin gaiwa ma da huhu take shan iska, har takan binne kanta a taɓo ta ƙetare rani, amma kifi ce mai yin ƙwai. Wasu masunta na kiranta maimama, alhali ba ta shayarwa. Wannan ya sa kalmar ba ta dace da fassara rukunin dolfin ba. Ayu na kogin Kwara da Binuwai ya fi kusa da shi a yanayin rayuwa: yana haihuwa, yana shayarwa, ba ya barin ruwa. Sai dai ayu ciyawa yake ci, kuma danginsa na kusa giwa ce. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa a cikin dabbobin da ke raye, dorina ce mafi kusancin dangantaka da dangin dolfin.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa haihuwa da shayarwa su ne suka raba dolfin da kifi. Ta ba da shawarar a riƙe aron kalmar dolfin, a bayyana shi da dabbar teku mai shayarwa, a kuma yi wa ɗalibi misali da ayu wajen rayuwa, da dorina wajen dangantaka.