Furen okid a cikin gilashi, tsakanin hunturu da bazara

Tambaya: Mai wannan wasiƙa malamar makaranta ce a Kara, wadda ƙanenta ya kawo wa tsarabar furen okid daga Abuja, ta dasa shi a ƙasar lambu cikin tulun gilashi mai murfi, ta ajiye a bakin taga don kada iskar hunturu ta busar da shi. Ba ta taɓa fasa ba shi ruwa ba, amma ganyen ya yi yaushi, saiwoyin sun yi baƙi. Tana neman shawara.

Amsa: Yawan ruwa da rashin iska ne suka ruɓar da saiwoyin, domin irin da aka fi sayarwa, wato Phalaenopsis, ɗan dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, inda yake maƙalewa a jikin bishiya, saiwoyinsa a sarari, lulluɓe da wani farin rufi mai kama da soso da ake kira belamen, wanda ke tsotse ruwan sama nan take sannan ya bushe. Idan aka binne su a jiƙaƙƙiyar ƙasa, numfashi yakan gagare su, ganye kuma ya yi yaushi alhali tulun na cike da ruwa.

Dabarar gilashin tana da asali, tun da Nathaniel Ward, wani likita a Landan, ya lura a 1829 cewa danshin da ganye ya fitar yakan taru a jikin rufaffen gilashi ya koma ƙasa, kuma hakan yana da amfani a hunturun Kara. Sai dai Landan gari ne mai sanyi, nan kuwa zafin bazara yakan kai digiri 40, furen kuma ba ya son abin da ya wuce 30 sosai, don haka rufaffen tulu a rana halaka ne gare shi.

Ya kamata Malama ta fitar da shi, ta yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da reza mai tsabta, ta mayar da shi kan gutsattsarin gawayi da tsingaro da ɓawon kwakwa, ba tare da ƙasa ko kaɗan ba. A bar murfin a ɗage, a ajiye tulun inda haske ke shiga ba rana kai tsaye ba, kusa da randa idan zafi ya tsananta. Ruwan sama ya fi na burtsatse, wanda sau da yawa yakan bar gishiri a saiwa, kuma ba a sake ba shi ruwa sai saiwoyin sun koma fari daga kore.