Me Ya Sa Rubutun Ƙasan Fim Ba Ya Zuwa da Hausa?

TAMBAYA: Ni marini ne a karofin Ƙofar Mata. Ina da 'ya mai shekara 14 da sanƙarau ya kama. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jinta ya tafi. Tana karanta Hausa sarai, don ta yi nisa a firamare kafin ciwon. In muka zauna kallo da dare, rubutun da ke fitowa a ƙasan fim da Turanci yake, sai ta riƙa taɓa mahaifiyarta tana tambayar me aka ce, har ta gaji ta shige ɗaki. Akwai yadda za a yi rubutun ya zo da Hausa? Kuma wa za mu kai wa kukanmu? Daga wani uba, Ƙofar Mata, Kano.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya saka maka da alheri da ka lura da tashin da take yi, domin a gidaje da yawa sai a ce ƙyuya ce ko miskilanci.

Akwai yadda za a yi, kuma ba abu ne mai tsada ba. Rubutun da kake gani a finafinan Kannywood ba don kurame aka yi shi ba. An yi shi ne don mai ji wanda bai iya Hausa ba, mutumin Legas ko na Fatakwal, saboda kasuwa ta faɗaɗa. Shi ya sa bai damu ya gaya wa mai kallo an ƙwanƙwasa ƙofa ba, ko ana kiran salla, ko muryar wa ke fitowa daga ɗaki. Rubutun da 'yarka ke bukata shi ne maganar 'yan wasan kamar yadda suka faɗe ta, da Hausarta da karin maganarta, haɗe da irin waɗannan sautuka.

Abin da ke ci mini rai shi ne an riga an yi mafi wuyar aikin. Mai sa rubutun Turanci sai ya saurari kowace jimla, ya auna daƙiƙar da za ta fito da wadda za ta ɓace, sannan ya fassara. Ka fi ni sani, Malam, in an gama haɗa baba da toka a rijiya, tsoma turmi na biyu ba ya neman sabon haɗi. Na Hausa ko fassara ba ya bukata. Kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So a YouTube mutane da yawa ke kallonsu, inda mai shiri ke da damar ɗora rubutu da harshe fiye da ɗaya, mai kallo ya danna alamar CC ya zaɓi wanda yake so. Wanda ba ya so ba a tare masa allo ba.

A wasu ƙasashen ma ba a banza aka samu ba. A Amurka sai da majalisa ta yi doka a 1990 da ta wajabta sa na'urar buɗe wannan rubutu a cikin talabijin. A 2011 ƙungiyar kurame ta ƙasar ta kai kamfanin Netflix ƙara, aka sasanta a 2012 kan cewa zai sa rubutu a duk finafinansa. Mu ma muna da madogara. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman a 2010, kuma sashe na 30 ya ambaci finafinai da shirye-shiryen talabijin ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, rubutu ba zai wadatar da kowane kurma ba. 'Yarka ta ji Hausa ta karanta ta kafin ciwon. Wanda aka haifa kurma kuma bai samu makaranta ba, harshensa maganar hannu ce, wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada tun da daɗewa, har mai bincike Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Shi tafinta yake bukata a gefen allo. Don haka in za ku yi magana, ku nemi biyun tare, kada a raba kanku.

Game da inda za ku kai kuka, kada ka tafi kai kaɗai. Fara da makarantar masu bukata ta musamman da ke Tudun Maliki, wadda ke koyar da kurame da makafi tun 1977. A can za ka haɗu da malamai da iyaye irinka, su kuma haɗa ka da reshen Kano na ƙungiyar kurame ta ƙasa. Ku rubuta takarda da sa hannun iyaye zuwa ga ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN, da tashoshi irin su Arewa24 da ARTV. Ku nemi abu ɗaya takamaimai wanda ba za a ce ya yi yawa ba: shiri ɗaya, zango ɗaya, da rubutun Hausa. Ku tuna musu cewa dattawan da jinsu ya yi rauni ma masu kallo ne, haka mai kallo a kasuwa cikin ƙarar janareta.

Kafin nan, a kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a auna abin da ya rage na jinta, ko na'urar ji za ta yi mata amfani. A gida kuma a riƙa fuskantarta in ana magana, cikin haske, ba tare da ihu ba. A bar ta ta ci gaba da magana da karatu, 'yan gida su fara koyon maganar hannu tare da ita. In za a zauna kallo, wani daga cikin yayyenta ya ajiye waya ko takarda kusa, ya riƙa rubuta mata abin da ake faɗa, a riƙa karɓa-karɓa don kada nauyin ya tsaya kan mahaifiyarta ita kaɗai.