Baƙo a Birnin Landan: Kuɗi da Ladabi

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. To, da yake wasu daga cikinmu suna da niyyar ƙetarawa Ingila neman ilmi, ya kamata mu duba abubuwa biyu da suka fi ka da baƙo a can, watau sha'anin kuɗi da sha'anin zama da mutane.

Ba mu ne na fari ba. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya tafi karatun aikin koyarwa a Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano kuwa ya tafi a 1946. Sun iske ƙasar tana fama da ƙuncin bayan yaƙi, abinci sai da takardar rabo. An yi rabon burodi daga 1946 zuwa 1948, na nama kuwa bai ƙare ba sai 1954. A wancan zamani sule ashirin ne fam guda, kwabo sha biyu ne sule, har 1971 da aka mai da fam kwabo ɗari. Yanzu rabo ya wuce, amma tsadar zama tana nan.

Ga inda bambanci yake. A nan Kaduna, baƙo in ya sauka ya nufi Makera ko Kakuri, da wuya ya rasa ɗan garinsu da zai ba shi tabarma da tuwo kwana uku. A Landan kuwa ɗaki shi ne babban abin da ke cinye guzuri. Wata-wata ake biyan haya, ba shekara-shekara kamar namu ba, amma kafin ka shiga sai ka ajiye kuɗin jingina. Dokar 2019 ta hana mai gida ya karɓi fiye da hayar mako biyar a gida irin na ɗalibi. Ka tambaya tun da wuri ko kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki suna cikin hayar, gama sanyin can ya fi hunturunmu nesa. Ɗalibi mai cikakken karatu an ɗauke masa harajin gida na hukumar gari, amma sai ya kai shaidar makarantarsa. Kada kuwa ka dogara ga aikin lada, don ɗalibin jami'a ba a yardar masa fiye da awa ashirin a mako lokacin karatu ba. Saboda haka watan fari ya fi kowane wata tsada. Wanda bai ware masa kuɗi dabam ba, da bashi zai fara.

Sa'an nan ladabi. Mutanen can ba su da doguwar gaisuwa irin tamu, kada ka ɗauka wulakanci ne. Amma roƙo da godiya ba su barin bakinsu, ko ruwa suka saya. Bin layi wajibi ne, babba ko yaro. A matakala mai tafiya ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka tsaya dama, hagu ta masu sauri ce. Motocin bas na birnin sun bar karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai kati. Ba a ciniki a kanti, ba a zuwa gidan mutum ba sanarwa, ba a tambayarsa albashinsa. In an ce ƙarfe huɗu, to, huɗun ake nufi. In an gayyace ka cin abinci, ka faɗi abin da ba ka ci tun kafin ranar, kada uwargida ta yi wahalar banza.

Kada dai wani ya zaci cewa bin al'adar gari shi ne yar da tasa. Mutumin da ya kiyaye aljihunsa, ya kuma kiyaye haƙƙin maƙwabcinsa, shi ne ke komowa gida da ilmi da mutunci. Abin da ya shige maka duhu kuwa, ka tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.