Ko Akwai Ƙaryar da Ta Halatta?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, wata tambaya ce ta hana ni barci a zangon karatun da ya wuce. Wani yaro ɗan aji ɗaya da ke ɗakin kwananmu ya tsallake shinge da dare, ya tafi gari duba uwarsa wadda ba ta da lafiya, ya komo kafin asuba. Ni kaɗai na gan shi. Da gari ya waye aka tara mu, aka tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Hukuncin wannan laifi kuwa kora ce. Da aka zo kaina sai na ce ban ga kowa ba. Shin na yi daidai?

Da na kai maganar gun malaminmu na Ilmin Addinin Kirista, ba tare da na kama suna ba, sai ya ce a Ingila irin wannan tambaya darasi ne sosai. Ɗalibai 'yan shekara 16 zuwa 18 da suka zaɓi Ilmin Addini sukan yi shekara biyu a kansa, wata hukumar jarrabawarsu ma ta kasa shi kashi uku: falsafar addini, da ilmin ɗa'a, da tunanin malaman addinin da makaranta ta zaɓa, galibi na Kirista. Ya ba ni littattafai, ya ce in bi tambayata ta cikin kashi ukun nan. Ga abin da na samo.

Falsafar addini tana tono tushen magana ne. Aflatun, masanin nan na ƙasar Girka, ya kawo wata tambaya wadda za mu iya juya ta haka: ƙarya ta zama mummuna ne don Allah ya hana ta, ko kuwa Allah ya hana ta ne don mummuna ce? Malaman Kirista da yawa sun amsa cewa Allah shi kansa mai gaskiya ne, umarninsa kuma daga halinsa yake fitowa. Watau dokar ba ta rasa dalili ba, kuma ya kamata mu nemi dalilin.

Ilmin ɗa'a kuwa yana auna aiki. Wani Bajamushe, Imanuwel Kant, ya rubuta a 1797 cewa ko mai kisan kai ne ya zo neman abokinka da ya ɓuya a gidanka, ba ka da ikon yi masa ƙarya. Hujjarsa ita ce, in kowa zai yi ƙarya duk sa'ad da ya ga ta dace, to, maganar kowa ba za ta ƙara yin daraja ba. Amma wani Bature ɗan Ingila, Jeremi Bentam, a littafinsa na 1789, ya ce a dubi sakamako: aikin da ya fi kawo jin daɗi, ya rage wahala, shi ne daidai. A ma'aunin Kant na faɗi. A na Bentam wataƙila na ci, sai dai in har ƙaryata ta sa an zargi wani marar laifi.

Sai kashi na uku. Waliyyi Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya koyar cewa babu ƙaryar da ta halatta, ko da don ceton rai. Amma ya ce ɓoye magana daban, yin ƙarya daban. Ya ba da labarin wani bishop mai suna Firmus da ya ɓoye wani mutum. Da 'yan saƙon sarki suka zo, ya gaya musu ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma ba da mutumin ba. Suka gana masa azaba, bai sake magana ba. Shi kuwa Fasto Bonhofa, wanda gwamnatin Hitila ta rataye a 1945, ya kawo misalin malamin da ya tambayi yaro a gaban 'yan aji ko ubansa mashayi ne, yaro ya musa. Bonhofa ya ɗora nauyin ƙaryar a kan malamin, domin ya tambayi abin da bai kamata a tambaya a nan ba.

To, ina na tsaya? Tambayar da aka yi mana ba irin ta malamin Bonhofa ba ce, gama makaranta tana da hakkin sanin inda ɗalibanta suka kwana. Hanyar Firmus ce ta dace da ni: in ce na sani amma ba zan faɗa ba, in ɗauki horon da zai biyo baya, sa'an nan in lallashi yaron mu je ya bayyana uzurinsa. Da na bincika zuciyata sai na tarar ba tausayi kaɗai ya sa na yi ƙarya ba, har da tsoron bulala.

Wasu iyaye suna fargaba kada irin wannan karatu ya raunana bangaskiyar 'ya'yansu. Ni dai bai raunana tawa ba, ya dai hana ni fakewa da "ai kowa ma haka zai yi". Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ina roƙon malamanmu, na Kirista da na Musulunci, su riƙa ba mu irin waɗannan tambayoyi a aji, kafin mu gamu da su a ɗakin kwana.