Zazzaɓin Cizon Sauro da Yaran Manoma a Karkara

Zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 illa, domin jikinsu bai gina garkuwa ba tukuna. Macen sauron Anofilis ce ke yaɗa cutar, kuma cikin dare take cizo. Tana ƙyanƙyasa a ruwa mai kwanciya: kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, fadamar shinkafa, randar da aka bari a buɗe. Shi ya sa cutar ke tsananta a damina, daga Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da aikin gona ya ɗauke hankalin iyaye, rumbu kuma ya yi ƙasa. Yaron da ba ya ƙoshi, ƙarancin jini kan kama shi da wuri.

Babban haɗarin shi ne jinkiri. Sau da yawa ana ɗaukar zafin jiki a matsayin shawara ko haƙori, a ba yaro farasitamol, wanda ke sauke zafi kawai ba ya kashe ƙwayar cutar. Ya kamata a kai yaro gwajin jini cikin awa 24 da fara zazzaɓi. Jijjiga, yawan amai ko ƙin shan nono na bukatar asibiti nan take.

Gidan sauro mai magani na kan shimfiɗar yaro ne kowane dare, har a bukkar gona, ba na katange lambu ba. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida duk wata a damina, ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, sai an cika kwanakinsa uku yake aiki sosai.