Ribas da Tirela a Ƙofar Masana'anta: Ina Yaron Mota Ya Tsaya?

Da hantsi a unguwar masana'antu ta Sharada, tirela ɗauke da kwantena mai ƙafa 40 ta iso daga Apapa bayan kwanaki a hanya. Direba a gajiye yake, ƙofar masana'anta matsattsiya, ga kwalbati a gefe, ga masu adaidaita sahu na danna oda. Mai wannan rubutu, wanda aikinsa shi ne shigar da manyan motoci wurin sauke kaya, ya fi jin tsoron wannan lokacin fiye da kowanne.

Tirela ba ta ja da baya kamar ƙaramar mota, domin kai da bodi a mahaɗa guda suke juyawa. Idan direba ya murɗa sitiyari dama, gindin bodi hagu yake nufa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke riƙe sitiyari ta ƙasa: inda hannu ya yi, nan gindi zai bi. Murɗawar kuma kaɗan-kaɗan ce. Wanda ya zarce, kai ya naɗe da bodi, ya fasa fitila ko ya tsinke tiyon iskar burki.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mazaunin direba na hagu. Don haka a tsara shiga ta ɓangaren hagu, inda zai leƙa ya ga tayoyin baya. Ta dama, da zarar mota ta karya, madubi bodin kawai yake nunawa.

Wata rana a wata masana'anta, masu gadi biyu da leburori suka taru, kowa na ihun "Taho! Taho!" Yaron mota ya zagaya baya don ya janye wani katako. Direban, dattijo mai furfura, ya duba madubi bai gan shi ba, nan take ya taka burki ya sauko. Tsakanin bodi da katanga bai kai taku biyu ba, yaron na tsugune a ciki. "Oga, katako na je cirewa," in ji shi, jikinsa na rawa.

Daga ranar aka kafa doka a wurin: mutum ɗaya ne ke ba da hannu, a gefen hagu, inda direba ke ganinsa. Ya ɓace daga madubi, mota ta tsaya.

Kafin ribas, ya kamata direba ya sauka ya zagaya motar. A Bompai, tsohuwar unguwar masana'antu, ya ɗaga kai ya duba wayoyin lantarki. A Challawa da damina, ya taka ƙasar gefen titi ya ji ko za ta ɗauki nauyi. Ya leƙa ƙarƙashin bodi, domin masu talla da yara kan fake a inuwarsa. Da hunturu ya goge ƙurar madubi.

Idan layi ya karkace, ya ƙara gaba ya miƙe, ko sau biyar ne. Masu oda za su jira minti goma, kwantenar kuma ta shiga da yaron mota tsaye a inda ake ganinsa.